Gishiri Aka Ce Mini

A gidan da na tashi ba a cewa miya ta yi lami, sai dai a ce ba ta ji gishiri ba. Lami sunan mahaifiyata ne, wadda ta rasu ana tsakiyar wankan jegona. Sunan da kalmar ba daidai suke fita a baki ba, ɗaya ana jan sa ɗaya ana datse ta, amma sun yi kusan da Inna Barakatu ba ta son jin ko ɗaya a bakin murhu. Inna yayar mahaifiyata ce. Ita ta yi mata zaman jego, ita ta rufe mata ido, ita kuma ta haɗa ni da ɗanta Jafaru ta shayar da mu tare, a ƙauyenmu da ke bayan Dutsi. Ban san wata uwa ba sai ita.

Ni Maimunatu, malamar kemistiri ce a wata makarantar 'yan mata a Daura. Shekarar da wannan abu ya faru ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, kowa ka taɓa sai ya ce a je gaban alƙali. To ni kuma a littafin da nake koyarwa akwai wata kalmar Turanci da ake rubutawa alkali, wato abin da ke kashe kaifin asid. Duk ranar da na rubuta ta a allo sai aji ya kwashe da dariya, wata mai ƙarfin hali ta ce, “Malama, na wace kotun?” Nakan ce na kotun da za ta yanke mata hukuncin maimaita aji. Haka muke fama da su. Ka ce gishiri, na miya suke gani. Ka ce musu a ilmin nan gishiri dangi ne guda mai 'ya'ya barkatai, wani fari, wani shuɗi, wani ma guba, sai su rubuta, su haddace, su juye maka a jarrabawa, su koma gida su cire shi a bakin ƙofa tare da takalmi.

Wata Alhamis an tashi daga makaranta na tarar da Misbahu a bakin ƙofa, zaune a kan mashin ɗinsa ya yi tagumi. Misbahu tela ne a bakin kasuwa, mijin Haulatu, autar Inna. Haulatu ta yi haihuwar fari a asibiti, ta samu mace aka sa mata Sumayya, aka kuma tafi da ita ƙauye wankan gida kamar yadda aka saba. Tun kafin a sallame ta aka ce jininta ya hau, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ban da gishiri.

“Yaya, jikin nan fa ba sauƙi,” in ji shi. “Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura. Jiya na ɗauko ta na mayar awo, likita ya yi ta faɗa. Ya ce ko mai fassara bai gaya mana ba ne? Ya ce har yanzu tana cin gishiri, jikinta ya nuna.”

“To me Inna ta ce?”

Ya sunkuyar da kai. “Yaya, ta yaya zan dubi Inna in ce tana sa gishiri?”

Misbahu mutumin kirki ne, amma kunyarsa ta isa ta bar mutum ya mutu shi yana durƙushe yana gaisuwa. Na ce ya je, ni ba surukar kowa ba ce a gidan.

Ranar Asabar na shiga motar Katsina na sauka a Dutsi, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Bazara ce, irin wadda ko kaji ba sa yawo. Tun daga zaure na ji ƙamshin ganyen darbejiya da aka tafasa na wanka, na ga ƙatuwar tukunya a bayan ɗaki da tulin itace kusa da ita.

Na ɗaga labulen ɗakin maijego. Haulatu yarinya ce siririya, muna tsokanarta da cewa iska za ta ɗauke ta. Wadda na gani a kan gado ta cika kamar an hura ta, an tara mata matasai a baya tana jingine, don in ta kwanta numfashi gagarar ta yake yi. Zoben hannunta ya nutse a yatsa. Ta yi mini murmushi ta ce, “Yaya, sannu da hanya,” sai da ta huta a tsakiyar gaisuwar. Na zauna na kama ƙafarta kamar ina wasa, na danna yatsa a ƙwaurinta na ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna, bai tashi ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na ɗauki jaririyar na yi ta yi mata wasa don kada uwar ta ga fuskata.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe. 'Yar ƙaramar mace ce, amma muryarta ba ƙarama ba ce. Ban yi dogon zagaye ba, bayan gaisuwa na faɗa mata abin da likita ya ce.

Ta ajiye rariya. “Gishiri? Ni?”

“Inna, ba cewa na yi—”

“Tashi ki duba. Tashi mana, Malama! Ki shiga ɗakin girki, ki shiga ɗakina, ki ɗaga katifa. Ranar da aka kawo yarinyar nan na kwashe gishirin gidan nan kaf na miƙa wa maƙwabta ta katanga. Dunƙulen miya ma na hana a shigo da shi, don matar asibiti ta ce shi ma da gishiri a ciki. Gidan nan kowa haka yake ci, har 'ya'yan Jafaru, je ki tambaye su irin kukan da suke yi. An ce in rage zafin ruwan wanka, abin da uwata ba ta taɓa ji ba, na rage. In shari'ar ce ma ai ta zo, a kai ni gaban alƙali in dafa Alƙur'ani.”

Ban yi shakka ba. Inna tana da faɗa, tana da taurin kai, amma ba ta ƙarya ko da wasa. Duk da haka na shiga na buɗe tukunya na ɗanɗana miyar kuka, daddawa ce da barkono da ruwa, ko alamar gishiri babu. Na ga matar Jafaru tana kallona da ido irin na mai neman ceto. Na fito na zauna a gindin bishiya na rasa abin da zan kama. Har na fara zagin likita a zuciyata, ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, na ce wataƙila shi ne bai san aikinsa ba.

Bayan la'asar Inna ta fito daga ɗakin girki da ƙwarya a hannu biyu, tana tafiya a hankali don ta cika fal. Kunu ne, mai kauri, ruwan ɗorawa, yana tururi da ƙamshin citta da kanumfari. Tun ina yarinya ba abin da nake so kamar kunun kanwar Inna. Na ce ta sam mini, ta harare ni ta ce na maijego ne, sannan ta miƙo mini ludayi.

Na kurɓa. Ya ratsa mini harshe da ɗan santsin nan da ɗacin nan da na sani, amma ya ninka yadda na san shi. Ludayin yana bakina abin ya faɗo mini a rai. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina faɗin abin nan da Turanci, sai ga shi a ƙwarya.

“Inna, sau nawa take shan wannan?”

“Safe, rana, yamma. Da duk lokacin da ta ce ƙishi. Ga ta kuwa da yawan ƙishi, tubarkalla.”

“Kanwar ba ta yi yawa ba?”

Sai fuskarta ta saki, karo na farko tun da na zo. Ta kai wa Haulatu kunun, ta dawo ta ja hannuna zuwa ɗakinta, ta janyo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Curin kanwa ungurnu ne, babba, an riga an ci gefe ɗaya. Ta ce tun ranar da ta ji Haulatu na da ciki ta aiki Jafaru ya sayo mata a wurin mutanen Nijar a kasuwar Mai'adua, ta ce masa in ba mai kyau ba ce kada ya dawo gida. Ta shafa ta kamar tana shafa kan jariri. “Da na ga kumburin nan ya fara, sai na ninka,” in ji ta. “Wannan karon ba zan makara ba.”

Na san abin da take nufi da wannan karon. Labarin na haddace shi tun kafin in iya karatu, don takan ba ni shi in tana yi mini kitso. Mahaifiyata ta kumbura a jego. Tsofaffin unguwa suka zo suka duba suka ce ɗanyen jiki ne, sanyi ya shige ta, kanwa ce ba ta isa ba. Lokacin shekarar fari ce, abin hannu ya yi wuya. Inna ta sayar da akuyarta ɗaya tak ta sayi ungurnu, ta yi ta damawa tana ba ta, in ta ƙi sha ta yi mata ɗure tana kuka. Duk da haka Lami ta tafi. Kullum a nan Inna take tsayar da kitso ta ce, “Da na sayar da akuyar nan da wuri.” Da wannan ta rayu, cewa ƙanwarta ta mutu saboda ta yi jinkirin kanwa.

Na tsaya da curin a gabana. Dole kunun nan ya tsaya yau, ba gobe ba. Na kuma ga sarai inda maganar za ta kai mu in na bi ta har ƙarshe, ban kuwa son zuwa can.

“Inna,” na ce, “kanwa ma gishiri ce.”

Ta dube ni, ta yi dariya har da tafa hannu. “Yau na ji boko! Kanwa kanwa ce, gishiri gishiri ne. Wannan a miya, wannan a kunu. Ko jaririyar can kika lasa wa za ta bambance miki.”

“A baki daban suke. Amma a karatunmu dangi ɗaya ne. Ita kanwa tana da halin alkali, shi ya sa take kashe tsamin yakuwa, amma—”

“Alƙali kuma? Au, da gaske kotun za ki kai ni?”

A aji da na yi dariya. A nan sai na ji kamar in yi kuka. Na ce ta bar wannan, kuskurena ne. Na sake ɗauko ta wata hanya. Na ce a cikin gishirin miya akwai wani abu da ake kira sodiyam, shi ne yake riƙe ruwa a jiki, ruwan ya yi wa zuciya nauyi, shi likita yake gudu. Wannan abin yana cikin kanwa, da yawa ma.

“To me ya hana ya ce sodiyo ɗin? Bakinsa ciwo yake yi? Gishiri ya ce, ina wurin, mai fassara ya faɗa sau biyu.”

Gaskiyarta ce kuwa.

Akwai rishon da Misbahu ya kawo don ɗumama ruwan jaririya. Na ɗauko shi na kunna na gyara lagwani har wutar ta yi shuɗi. Na samo guntuwar waya, na aika maƙwabta aka karɓo mini gishiri ɗan kaɗan, Inna na cewa kada ya wuce zaure. Na tsoma wayar a ruwa zalla na kai wuta, ba abin da ya faru. Na tsoma a ruwan gishiri, wutar ta yi tsalle ta koma rawaya. Na goge, na tsoma a ruwan kanwa, ta yi rawaya irin waccan sak. A makaranta in na yi wannan har tafi ake yi mini. Matar Jafaru ta ce, “Ikon Allah!”

Inna ta ce, “Na ga wuta ta yi rawaya. Wutar murhuna ma rawaya ce, ban sa mata komai ba. Kashe, kina ƙona wa bawan Allah kananzir.”

Nan raina ya ɓaci. Ni ma ai nononta na sha, ba a wurin kowa na samo zafin kai ba. Na ce mata ko ta yarda ko kada ta yarda, Haulatu ba za ta ƙara kurɓar kunun nan ba, gobe da safe zan tafi da ita Daura. Ta miƙe tsaye, da ƙyar ta kai kafaɗata, ta ce a je awo a dawo daban ne, amma ba mai fitar mata da maijego kafin arba'in sai in bayan ranta.

“Na rasa ɗaya don na yi sakaci da kanwa,” ta ce. “Ke kina zanin goyo, ba ki san komai ba. Ni na gani da idona. Ba zan zauna in rasa ta biyu don wuta ta yi rawaya ba.”

Maganar tana kan harshena. Kalma uku ce ko huɗu, na san in na faɗe ta gardama ta ƙare. Na dubi hannuwanta, hannuwan da suka yi mini kitso suka wanke mini kashi, na haɗiye. Muka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, ba mai kallon wani. Daga ɗaki muka ji Haulatu tana tari, sannan ta ce a hankali, “Inna, ruwa.”

Ana haka sai ga Jafaru ya yi sallama ya shigo, riga a kafaɗa, ƙafa duk ƙasar garke. Sana'ar mahaifinsa marigayi ya gada, sayen tumaki da kiwata su. Bai san wainar da ake toyawa ba. Ya gaishe ni da “Malama manyan gari,” ya juya wurin uwarsa.

“Inna, a ɗan gutsura mini kanwar nan mana. Gobe kasuwar Mai'adua, ina son ragunan nan su lasa tun yau. Na duba ko'ina ba gishiri a gidan nan, kin kore shi kamar ɓarawo.”

“Ta maijego ce,” in ji Inna, ba tare da ta dube shi ba. “Je ka nemi gishirinka a waje.”

“Haba Inna, ai duk ɗaya ne. Ko wanne suka lasa ƙishi zai kama su, su yi ta shan ruwa, gobe ki gan su sun cika sun yi ɓul-ɓul. Ba haka Baba yake yi ba? Wanda ya fi araha shi yake saye.” Ya dube ni ya yi dariya. “Kada ki kai ni ƙara, Malama, ba algus ba ne, gyara ne.”

Ba wanda ya taya shi dariyar. Inna ta riga ta ɗebo ruwa a moɗa za ta kai ɗaki, sai ta tsaya da ita a hannu. Shekarunta nawa tana daka wa mijinta kanwa daren kasuwa, tana jawo wa raguna ruwa guga bayan guga, tana dariyar yadda suke kumbura. Na ga abin yana shigarta a hankali, ta fuska, kamar yadda ruwa ke shiga busasshiyar ƙasa. Ba wutata ba ce ta shigar da shi, ba kuma sodiyam ba.

Ta shiga ɗaki. Ta labule na hango ta ba Haulatu ruwan, ta tsaya tana kallon yadda take kwankwaɗa. Sannan ta zauna a bakin gado ta ɗora ƙafar 'yarta a cinya, ta danna yatsa, ta ɗaga, ta daɗe tana kallon gurbin. Ƙwaryar kunun na gefe, an sha rabi. Ta ɗauko ta ta fito da ita ta ajiye a ƙasa nesa da ƙofa.

Jafaru ya ga yanayin ba na wasa ba ne, ya zame ya koma zaure. Inna ta zauna a kan turmin da aka kifa. Ban taɓa ganin ƙanƙantarta kamar ranar ba.

“Gishiri aka ce mini,” ta ce. Ba da ni take ba. “Wallahi gishiri aka ce mini. Da an ce kanwa, da na ji.”

“Na sani, Inna. Kowa ya sani.”

 Na roƙi Allah a zuciyata ya sa ta tsaya a nan. Ba ta tsaya ba.

“Maimuna.”

“Na'am.”

“Uwarki fa?”

Na durƙusa a gabanta na kama hannunta. Ina iya cewa a'a, ba ruwan kanwa, ta kuwa san ƙarya nake yi, don ita ta koya mini rashin iya ta. Ina iya cewa e, alhali ban sani ba. Na gaya mata iyakar abin da na sani. Na ce ba wanda ya auna jinin mahaifiyata, ba wanda ya saurari zuciyarta, abubuwan da ke kumbura maijego suna da yawa, mata dubu sun sha kunun nan sun tashi garau, ita kanta Inna ta sha a haihuwa bakwai. Na ce abin da ya ɗauke ta Allah kaɗai ya sani, kwananta ne ya ƙare.

“Ɗure na yi mata,” in ji Inna. “Tana kau da kai, ina riƙe mata haɓa.”

“Akuyarki kika sayar, Inna. Ita kaɗai gare ki.”

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba ko ranar da mijinta ya rasu. Na rungume ta, ni ma ina yi. Tausayinta ya cika ni har na ji haushin karatuna, na ji haushin likita da mai fassara da tsofaffin da suka daɗe a kabari, na rasa wanda zan kama da laifi. Ba mu daɗe ba, don Haulatu ta fara tambaya lafiya daga ɗaki. Inna ta share fuska da bakin zani, ta ɗaga murya ta ce lafiya lau, barkono ne ya shiga mata ido.

Ta tashi ta shiga ɗakinta ta fito da curin ungurnun gaba ɗaya, ta ƙwala wa Jafaru kira ta dire masa a hannu. “Kai wa ragunanka. In ka dawo ka nemo mana mota ta safe.”

Da safe ita da kanta ta naɗe kayan jaririya, ta lulluɓe Haulatu, ta fitar da maijego kafin arba'in a gaban duk matan unguwa. Wata tsohuwa ta fara magana, Inna ta dube ta sau ɗaya, maganar ta koma ciki.

A Daura aka ba Haulatu gado. Na samu likitan na ba shi labarin kunu da Turanci. Yaro ne ƙarami mai tabarau, ya riƙe kai ya ce shi bai taɓa jin sunan kunun ba, a garinsu ɗan ƙanƙanin gutsuren kanwa ake jefawa a miya don ta yi yauƙi, bai san ana shan ta a ƙwarya ba. Na zo da faɗa cike da baki, na koma da shi ban sauke ba. Ya sa aka kira mai fassara ya ce daga yau in an ce gishiri a ƙara da kanwa.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Kwanakin farko ba mu san inda za a faɗa ba, Misbahu ya rufe shago ya tare a barandar asibiti. A hankali ruwan ya fara sauka. Zoben ya fara juyawa a yatsa. Wata safiya muka shigo muka tarar ta ture matasan ta kwanta sosai tana barci, jaririya a gefenta, numfashi na fita ba gardama. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, bakinta na motsi, ba ta ƙarasa ciki ba sai da ta gama abin da take karantawa.

A gidana take kwana, a nan take yi wa maijego girki. Ranar da likita ya ce gobe za a sallame su, na dawo daga makaranta na same ta a ɗakin girkina ta jiƙa gero ta niƙo, tana dama kunu. Ta sa citta, ta sa kanumfari, ta sa masoro. Na ga hannunta ya tafi gefen murhu, inda a gida take ajiye ruwan kanwa, ya tarar ba komai, ya dawo. Kunun ya fito fari fat, ba irin nata ba.

Ta ɗebo a ludayi ta hura ta kurɓa. Ta daɗe da shi a baki kafin ta haɗiye.

“Lami,” ta ce.

Ta ja kalmar fiye da yadda ake jan ta a kan abinci. Ban tambaye ta da kunun take ko da wa ba. Ta juye shi a kwano ta rufe, ta ɗaure da ɗankwali, ta ce in yi sauri in ɗauko mayafina kada ya huce kafin mu isa.